Barewa da Nonon Akuya

Jiya na ji ɗayanku, wannan mai agogon da ba ya tafiya, yana cewa in ya gama makaranta aikin gidan zu zai nema, wai aikin hutu ne: ka wurga wa dabba ciyawa ta saman waya, ka koma inuwa ka miƙe ƙafa. Ban tanka ba don ina alwala. Yau tunda kun sake taruwa a ƙofar gidana kuna shan inuwar darbejiyata, sai ku rufe bakinku ku ji daga wanda ya yi aikin har gwiwarsa ta lalace.

Na shiga aikin a shekarar ƙuri'ar farko, lokacin da ake bin mu ƙauye-ƙauye ana tambaya ko Najeriya muke so ko a dakata tukuna. Ina saurayi, na baro Muchalla da ɗan ƙunshin kayana. A lokacin Mubi ba ta da gidan zu irin na manyan birane. Abin da ke akwai shinge ne babba a bayan Lokuwa, wajen inda ɗakunan hayarku suke yanzu, kuma wurin daji ne, sai gawo da ƙaya. Mutanen gari suna ce masa Gidan Barewa. Wani Bature likitan dabbobi ne ya kafa shi, da haɗin gwiwar wani gidan zu na birni da muke aika wa dabbobi. Mai Kaska muke ce masa, don duk dabbar da ya gani, kafin ya kalli fuskarta sai ya ɗaga wutsiyarta ya ciro kaska ya jefa a kwalba.

Dalilin shingen shi ne barewa tana ƙarewa. Tsofaffi sun ce a da in ka hau tudu ka dubi filin da ke tsakanin mayo da duwatsun Betso, garke-garke za ka gani. Bindiga ta yawaita, gonaki suka ci daji, sannan aka gano cewa wayar birkin keke tana yin tarkon da ba ya tsinkewa. Lokacin da na zo, maharbi yakan yi rani guda bai ga ko sawu ba. Shirin Mai Kaska shi ne a tattara ƴan da suka rage, su hayayyafa a shinge, a san abincinsu da cutarsu, a ba gidan zu wasu don kada iri ya ɓace, sauran kuma in sun yi yawa a mayar da su filin da aka ɗauko su. Wannan mayarwar ita muka yi wa bauta shekara da shekaru, ba wani abu ba.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Zira, mutumin duwatsun Michika, tsohon maharbi da ya ajiye baka. Gajere ne, ba ya dariya, kuma Hausarsa guntu-guntu ce. Ranar da na zo ya dube ni sama da ƙasa ya miƙo mini tsintsiya da kwando. Na yi damina guda da rani guda ban taɓa jikin barewa ba, kashinta kawai nake kwashewa. Kowace safiya sai ya tare ni ya tambaye ni abin da na gani a kwandon. In na ce kashi ne, ya kore ni in koma in sake dubawa. A haka na san cewa na mai lafiya ƙwaya-ƙwaya ne, baƙi, yana ɗan sheƙi. In ya dunƙule, dusa ta yi yawa. In akwai majina a jiki, tsutsa ce. Barewa ba ta nuna ciwo, ranar da ka ga ta sunkuyar da kai ka riga ka makara, don haka kwandon nan shi ne asibitinmu. Ya kuma hana ni farar riga, ya hana ni shiga ba tari, ya hana ni ɗaga hannu sama da kafaɗa a cikin shinge. Ku da ba ku iya magana sai kuna watsa hannu, da rana ɗaya zai sallame ku.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai raga ta igiyar rama da Baba Zira ke saƙawa da kansa, mai laushi don kada ta yanki fata. Akwai baƙin ƙyalle na rufe ido. Akwai guntayen tiyo da ake cusa wa ƙahon namiji, don ƙahon nan siriri yana huda cinya, kuma tabon yana nan a tawa in kuna son gani. Akwai akwatin katako mai ƙofa gaba da baya, matsattse yadda ba za ta iya juyawa ta karye ba, an lulluɓe cikinsa da buhu da ciyawa. Sai zana, wadda muke jingina wa wayar shinge ko'ina, saboda barewa in ta firgita ba ta ganin waya, da gudu take dukanta ta karya wuya.

Kamun farko da na je, wani namiji ne aka gani a gefen gonar gyaɗa wajen Betso. Muka shimfiɗa raga tsakanin itatuwa, mutanen ƙauye suka bi shi da gwangwanaye da ihu tun hantsi har rana ta take. Ya faɗa raga ba ko ƙwarzane. Baba Zira ya durƙusa ta bayansa, ya rufe masa ido, ya kwantar da shi a kan ƙirji, don in ya kwanta a gefe ciki yakan kumbura. Muka kawo shi gida muna murna. Ya ci, ya sha. Kafin mako ya zagayo ƙafafunsa na baya suka ƙi ɗaukarsa, wuya ya karkace, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ya mutu. Mai Kaska ya feɗe shi a gabanmu, naman cinyarsa ya yi fari-fari kamar an tafasa shi. Na biyu haka, na uku haka. Ya yanki naman ya aika birni a kwalabe, masanan gidan zu suka duba, amsa ta dawo cewa gudu da tsoro ne ke dafa naman tun dabbar tana da rai. Daga nan aka hana korar manya. Sai ƴaƴa kawai, waɗanda manoma ke tsinta a kwance cikin ciyawa bayan tarko ya ci uwarsu.

Ba barewa kaɗai ake nema a wurinmu ba. Akwai ranin da aka aiko neman gaiwa, kifin nan da ke shiga laka ya yi barci in tafki ya ƙafe. Wani gidan kifi ne a ƙasar waje, inda ake ajiye kifi a bayan gilashi, suke so su san yadda take yin watanni ba ruwa ba abinci ba ta mutu ba. Muka je busasshen tafki a bakin mayo, muna rarrafe muna neman ɗan ramin da take numfashi. In ka samu, ba haƙa za ka yi ba, yankan ƙasar za ka yi a kewaye ka ɗago ta curi guda kamar tubali, da kifin a ciki. In bakin dagi ya ko shafi kwanson da ta lulluɓe kanta da shi, ta tashi daga aiki. Mun ɓata da yawa kafin mu iya. Ban da su akwai matan Turawan mulki masu son ɗan biri, waɗanda ke dawo da shi ranar da ya yi cizon farko. Akwai masu magani da ke zagayowa ta baya neman gashi ko kitse, su kuma Baba Zira da sanda yake raka su.

Renon ƴaƴan barewa shi ya kusa kashe aikin tun a farko. Da kwalba muke ba su madarar gwangwani. Su sha kwana kaɗan, zawo ya kama su, da safe mu kwashe gawa. An rage ruwa, an ƙara ruwa, an dafa, an sa ƙwai, duk a banza. Matar Baba Zira, Dada Kuve, ita ke kawo masa abincin rana. Wata rana ta tarar da ni ina fama da wata jaririya da kwalba, ta yi tsaki ta ce a kan dutse in akuya ta mutu ta bar ɗa, ba wanda ke neman kwalba, wata akuyar ake ba shi. Aka gaya wa Mai Kaska, ya ce a gwada, tunda ba abin da ya rage.

Haɗa akuya da ɗan barewa aiki ne na mutum biyu. Za ka zaɓi tsohuwar akuya mai haƙuri wadda ɗanta ya mutu. Ka shafe ɗan barewar da fitsarinta, ka yayyafa masa ruwan kanwa a gadon baya don ta lashe shi. Ni nake riƙe ƙaho in tokare ta da gwiwa, Baba Zira ya kama bakin jaririn ya kai shi ga nono. Ɗan barewa da ƙarfi yake tunkuyar hantsa, akuya ta yi harbi, ta taka ka, ta yi maka fitsari a ƙafa. Haka za ku yi safe da rana da yamma har ranar da za ka ga ta juya ta lashi ƙarƙashin wutsiyarsa. In ta yi haka ta karɓe shi, ko ya ɓace mata a shinge sai ka ji tana kiransa. Wallahi daga ranar da muka koma nonon akuya, mutuwar jarirai ta tsaya cak.

Sai muka gano wani amfanin akuya na biyu. In aka yi tsawa, ko mota ta danna ham, ko kare ya yi haushi, barewa takan watse ta daki shinge, kuma mun yi asarar da yawa a haka. Amma akuya ba ruwanta, ta ɗaga kai ta duba ta ci gaba da tuƙa. Barewar da ta tashi da awaki, in ta ji ƙara sai ta dubi akuya, in akuya ba ta gudu ba ita ma ta tsaya. Don haka muka bar awaki a cikin shinge dindindin, har da barewar da aka haifa a nan mai shan nonon uwarta. Da yamma Dada Kuve ta kaɗa dusa a kwano, awaki su nufi rumfa, barewa su jeru a bayansu su shiga su kwanta tare. Mai Kaska ya ɗauki hoto, ya rubuta labarin, ma'aikatan gidan zu suka zo har Mubi suka koya suka tafi da dabarar. Garke ya fara cika, mata suna haihuwa kowace shekara, muka aika wa birni rabonsu.

Da yaƙin basasa ya tashi, Mai Kaska ya koma ƙasarsu. Wanda ya karɓi aikin shi ne Dokta Bitrus, ɗan ƙasar nan, wanda ya yi karatun dabbobi ya dawo. Mutum ne mai zafin nama, kuma ba ya ƙyamar kashi, abin da ya sa Baba Zira ya yarda da shi ke nan. Shi ya tsananta ɗibar jini. Da sassafe, kafin su fito daga rumfa, in shiga da ƙyalle in rungumi ɗaya, in ɗaga mata haɓa, ya soka allura a jijiyar wuya. A auna ta a sikeli cikin buhu, a duba haƙora, a cire kaska, a sake ta kafin ta fara haki. Daga wannan aikin aka san irin tsutsar da ke kashe su da damina da maganin da ya dace da su, aka san tsawon cikinsu da lokacin da ya kamata a raba maza. Duk wanda ke kiwon barewa a bayan waya yau yana cin moriyar wannan, ko ya sani ko bai sani ba. A shekarun yaƙin ne kuma saƙo ya zo cewa cuta ta shiga waɗanda muka kai birni, ba magani, sun ƙare. Ya zamana duk irin barewar filin nan, abin da ya rage a duniya yana cikin shingenmu.

Sai shekarar babban fari ta zo. Ruwa ya ɗauke dawa tana shirin fid da kai, ta bushe a tsaye. Wake bai yi ba balle a sami harawa. Makiyaya suka gangaro daga arewa da shanu ƙashi da fata, suka sassare gawo har ba ka ganin reshe. Mayo ya koma yashi, muna haƙa rami har ƙugu kafin mu sami ruwan da za mu cika garwa. Nakan fita da asuba da keke neman ganyen aduwa da magarya, in dawo da azahar da abin da bai fi cin akuya uku ba. Dusa kuwa ta zama abincin mutane. In Dada Kuve ta kaɗa kwano da yamma, sai ka ga idanu a ramukan zana. Mata ne da goyo, tsaye, ba sa roƙo, kallo kawai suke yi ana zuba wa dabba abin da za su dama wa ƴaƴansu. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai a shekarar nan.

Barewa suka fara faɗuwa, masu ciki suna zubarwa. Dokta ya nemi gidan zu su karɓa, suka ce su ma nasu dabbobin yunwa suke ji. Ya tara mu a gindin rumfa ya ce shirinsa a da shi ne a jira damina mai kyau kafin a sake su, amma jira ya ƙare.

Ya ce, "Baba, in suka zauna a nan, a gabanmu za su mutu. Can aƙalla akwai ganye."

Baba Zira ya ce ya san wani kwari a gindin dutse bayan Betso, inda idon ruwa bai taɓa ƙafewa ba, kuma ƙaya tana da ganye har yanzu. Ba wanda ya yi gardama.

Kada ku ɗauka buɗe ƙofa muka yi muka ce su je. Mun yi shiri iya saninmu. Baba Zira ya bi maharban yankin gida-gida, don yawancinsu yaransa ne a da. Aka tara su a gaban Jauro, mai garin ƙauyen da ke kusa da kwarin, kowa ya rantse da abin da ya yarda da shi: Musulmi da Alƙur'ani, Kirista da Littafi Mai Tsarki, masu gargajiya suka lashi ƙarfen kibiya. Rantsuwar ita ce ba harbi, ba tarko, ba kora da kare. Mu kuma a gida muka riƙa sakin kare yana zagaya shinge don su koyi gudunsa, muka riƙa sa baƙin mutane su leƙo su yi jifa don su daina yarda da ɗan Adam. Baba Zira ya je ya duba ramukan kura. Dokta ya maƙala wa kowacce ɗan ƙarfe mai lamba a kunne. Duk abin da ke da haƙori ko harsashi mun yi tunaninsa. Awaki kuwa muka bar su a shinge, muka ce aikinsu ya ƙare.

Ranar kai su, mota ta sauke mu inda hanya ta ƙare, sauran tafiyar a kafaɗa muka ɗauki akwatunan, an rataye su a sanduna, muna bin ƴar hanyar ƙafa. Duka muka kwashe, har tsofaffi, don ba abin da za mu ba wanda ya rage. Muka jera akwatunan suna fuskantar ƙaya, muka zare ƙofofi daga baya muka ja jiki. Suka fito suka tsaya cirko-cirko suna shinshinar iska. Can wani namiji ya yi tsalle ya nufi ruwa, sauran suka bi. Baba Zira ya zauna a kan dutse yana kallonsu har suka shige, Dokta sai share gilashinsa yake yi.

Ni aka ɗora wa zagaya su. Kowane mako in hau keke har Betso, in jingine shi in taka zuwa kwarin. Zuwan farko na same su daga nesa suna kiwo, da suka hango ni suka gudu, na ji daɗi ƙwarai. Zuwa na biyu kashinsu ya koma ƙwaya-ƙwaya. Na kawo wa Baba Zira a aljihu, ya murza ya shinshina ya gyaɗa kai. A zuwa na gaba ne na tarar bakin ruwan ya dagule da sawun awaki. Rijiyar ƙauyen ce ta ƙafe, aka fara koro awakin gari zuwa idon ruwan. Na zagaya kwarin gaba da baya ban ga barewa ko ɗaya ba. Ba jini, ba sawun kare, ba sawun kura. Na dawo bakin ruwa na durƙusa. Sawun akuya mai faɗi ne, a buɗe, na barewa siriri ne mai tsini. Ga su nan a gauraye, sun hau hanyar da ta nufi ƙauye. Kuma takun ba na gudu ba ne, gajere ne, na dabbar da ke tafiya hankalinta kwance. Na bi sawun.

Tun kafin in shiga ƙauyen na ji ƙanshin banda, a garin da rumbunansa ke buɗe ba ko ƙwaya. A bayan gidan farko ga fata an kafe ta a ƙasa da tsinke, ja, da baƙin layin nan na barewa a gefe. Bayan na biyu ma haka. Na fara ƙirgawa na bari. Wani dattijo mai suna Ishaya, wanda ya rantse a gabana, yana zaune a ƙofar gidansa. Bai tashi ba, bai ɓoye komai ba, ya ma tura mini kujera.

Na ce, "Baba Ishaya, ba ku rantse ba?"

Ya ce, "Mun rantse. Ba wanda ya harba, ba wanda ya sa tarko. Naman ne ya bi akuya ya shigo da kansa, ya kwanta a turke. Jikokina ganye suke ci. Kai in nama ya zo ya kwanta a cikin gidanka, za ka ce masa ya tashi ya tafi?"

Ya ba ni labarin yadda aka yi. Ranar farko da yamma mata suka ga awaki sun dawo, barewa jere a bayansu, har wasu suka gudu suna cewa iskoki ne. Jauro ya ce na gwamnati ne, a mayar da su. Aka kora su kwari, washegari da yamma suka dawo. Aka sake kora, suka sake dawowa, kowacce ta bi garken da ta zaɓa ta shiga gidan da ya shiga. Sai wani gida da aka yi rashin yaro a makon suka yanka ɗaya. Daga nan kowa ya yanka tasa, har masu ciki. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙoƙo, ƙarafan kunnen ne a ciki, sun tara su wuri ɗaya don a mayar wa Dokta, wai kada a ce sun ci kayan hukuma. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga. Na dubi jikokin nasa a zaune a jikin danga, wuyansu kamar sillen kara, na karɓi ƙoƙon.

Daga baya Dokta Bitrus ya rubuta abin da ya faru ya aika wa masu irin aikinmu. Yau in za a yi renon dabba don a mayar da ita daji, ba a haɗa ta da dabbar gida, ba a bari ta saba da turke ko kiran yamma. Malamanku za su faɗa muku wannan a layi ɗaya ku rubuta ku ci jarrabawa. Mu a lokacin ba Bature, ba Dokta, ba maharbi, ba masanan birni da suka zo suka kwaikwaye mu, ba wanda ya hango shi. Abin da ya raya su a shinge shi muka ga ya yi kyau, muka riƙe.

Da na miƙe zan tafi, Baba Ishaya ya ce in zo in gani. A turkensa, tsakanin awaki, ga wata tsohuwar mace kwance tana tuƙa. Na san ta, ta daɗe da daina haihuwa. Ya ce ba nama a jikinta, shi ya sa aka bar ta zuwa ƙarshe, in ina so in tafi da ita. Ba ni da akwati, ba ni da raga, kuma barewa ba a ja ta da igiya. Ya kwance wata akuya ya miƙo mini igiyar, ya ce in dawo masa da ita ranar kasuwa. Na ja akuya, barewa ta miƙe ta karkaɗe jiki ta biyo mu. A Betso na bar keken, na taka da ƙafa. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mutane su fito kallo, wasu suna dariya, wasu suna tambaya ko ta sayarwa ce. Ko sau ɗaya ba ta waiwayi daji ba.

Rana ta yi sanyi muka iso Lokuwa. Baba Zira yana tsaye a ƙofar shinge. Ya buɗe, akuya ta shiga, barewa ta bi ta. Bai dubi ƙoƙon da ke hannuna ba. Ya ci gaba da riƙe ƙofar a buɗe, yana leƙen hanya ta bayana.

Na ce, "Baba, rufe. Ita ke nan."